Haɗa baƙin ƙarfe da fari: Duisburg da Ƙofar Ruwa

A nan Jamus, kafin mai walda ya kunna inji don haɗa baƙin ƙarfe da farin da ba ya tsatsa, sai an amsa tambaya ɗaya a takarda: zafi nawa mahaɗar za ta riƙa sha idan ta fara aiki? Da amsar ake zaɓen sandar walda. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kuwa, abin da aka fi tambaya shi ne, geji 10 ko geji 12?

Mai waldarmu, da janaretonsa da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, ba ya jin tsoron takwaransa na Duisburg a iya hannu. Matsalar tana cikin narkakken ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Idan aka sa sandar 6013 da kowa ya saba da ita, kuromiyam ɗin farin ƙarfe zai gauraya da baƙin, mahaɗar ta yi taurin kwalba: ga kyau a ido, ga tsagewa idan ta sha bugu. Ita ma 308 ba ta isa, domin baƙin ƙarfe yana tsinka ta. Shi ya sa ake ɗaukar 309L, mai kuromiyam kusan kashi 23 da nikel kusan kashi 13 cikin ɗari, wadda ko an tsinka ta tana da saura. Tun 1949 Anton Schaeffler ya fitar da zanen lissafin wannan gauraye, kuma har gobe ana koyar da shi a makarantun walda na nan.

Batun gashi ya fi wuya. Baƙin ƙarfe mai kauri yana son a gasa shi bayan walda, wajen digiri 600, don ya saki jiki. Wannan zafin kuwa shi ke ɓata farin, domin tsakanin digiri 450 da 850 kuromiyam ke haɗewa da kabon, tsatsa ta sami ƙofa. Saboda haka sai a fara lulluɓe bakin baƙin ƙarfen da sandar nikel, a gasa shi shi kaɗai, sannan a haɗa su. Haka ma idan wurin zai yi aiki a zafin da ya haura digiri 300, ajiye 309L ake yi a koma nikel.

A ƙofar gida ko madogarin bene, takardun Jamusawa ɓata lokaci ne. Tukunyar turara shinkafa da bututun tururi kuwa rai ke tsaye kusa da su. Maigida mai shago, idan irin wannan aiki ya zo, ka sa kuɗin 309L a lissafi tun farko, kuma ka hana yaranka bin mahaɗar da wutar gas bayan walda.