Farantin Tallata Ya Koma Cikin Waya

Yau hirar tamu ta sana'a ce, kuma ba labarin wata zan ba ku ba, nawa ne na kaina, da zaƙinsa da ɗacinsa.

Ni mutuniyar Zurmi ce, aure ya kawo ni Ƙauran Namoda. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wajen Innarmu na gada, ita ma gada ta yi. Gyaɗa kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, don ita da auduga ne suka sa Turawa suka jawo layin dogo tun daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya zo ya tsaya nan Ƙaura a shekarar 1929. A da jirgi ke kwashe gyaɗar kakanninmu ya kai ta har bakin teku, amma ga ni jikarsu da kwalaben mai jere a tsakar gida, na rasa yadda zan yi su wuce zaure.

Kin dai san halin da mace mai kulle take ciki. Hannu na iya aiki, ƙafa ba ta fita. To abin da kowa ke yi shi na yi, na ɗora wa 'yar farina faranti (ku yi haƙuri, ba na faɗin sunanta), tana fita da hantsi ta dawo da la'asar, makarantar boko kuwa sai ranar da ciniki ya ƙare da wuri. Wata ranar Litinin har aka kira magariba ba ta dawo ba. Da ta shigo idanunta sun yi jawur, ashe wasu samari ne a bakin tasha suka cinye ƙulin suka hana ta kuɗi, ɗaya har da riƙe mata hijabi. Shekarunta goma sha ɗaya lokacin. Maigida bai yi faɗa ba, ya dai ɗauki farantin ya kife bisa rumbu ya ce, "Daga yau an gama talla a gidan nan." Na san gaskiyarsa ce, amma daren nan ban runtsa ba, domin da wannan farantin nake zubin adashi, da shi nake tara mata kwanukan aure.

Ƙanwar maigidan, wadda take karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan garin, ita ta zo ta same ni na yi tagumi. Ta ce, "Haba Anti, mutane na sayar da atamfa da turare a waya, ke ƙuli ne zai gagare ki?" Da na kwashi adashi a 2020, shekarar korona, na sayi ƙaramar waya mai shafawa. Maigida ya gindaya sharaɗi ɗaya tak: kada fuskata ta fito. Na ce na ji na yarda. Wallahi da farko na ɗauka sharaɗin zai tauye ni, ashe alheri ne, don mai saye ba fuskata take son gani ba. So take ta ga tukunyar tsaf, ta ga gyaɗar da aka tsince babu ruɓaɓɓiya, ta ga man yana tsatsowa daga tunkuza a hannuna, ta ji ƙarar ƙulin lokacin da na karya shi kusa da waya. Abin da na riƙa ɗauka ke nan, da hasken safiya kafin rana ta yi zafi, in ɗora a status na WhatsApp.

A nan akwai abin da na daɗe ban gane ba. Status kwana ɗaya yake yi ya ɓace, kuma ba ya isa ga kowa sai wadda kika ajiye lambarta ita ma ta ajiye taki. Na yi wata guda ina ɗorawa, mutum tara ke kallo, cikinsu har da Yayata ta Shinkafi da ba ta taɓa sayen ƙuli da kuɗinta ba. Sai na koma duk wadda ta aiko yaro, in rubuta lambata a takarda in ce a gaya wa uwar ta ajiye ta kuma yi mini sallama. A hankali ɗaliban kwaleji suka gano ni, su da garin kwaki da ƙuli ai sai Allah.

To daɗi ya yi daɗi, sai zuciya ta fara raya mini manyan abubuwa. Akwai wata yarinya a birni mai rawar kai a TikTok, mabiyanta sun fi mutanen unguwarmu yawa nesa ba kusa ba, kullum tana tallar kayan mutane. Na yi mata magana, ta yanka kuɗin da ya kai ribata ta wata biyu, na rufe ido na tura, na kuma aika mata kwalbar mai da ƙuli a mota. Ta yi bidiyon kuwa, tana taunawa tana lumshe ido. Kai jama'a! Ranar wayata har zafi ta ɗauka. "Nawa ne?" "Ina kuke?" "Kuna kawowa Abuja?" Na amsa har yatsana ya gaji. Da na ce Ƙauran Namoda nake, sai shiru. Masu kirkin cikinsu suka lissafa kuɗin mota suka ga ya ninka kuɗin man, suka ba ni haƙuri. Wasu maza kuwa ba ƙuli ya kawo su ba, sai tambayar ko ina da aure. Mutum uku suka saya. Uku!

Ban ce yarinyar ta cuce ni ba, abin da muka yi alkawari ta yi. Wautar tawa ce, da ban tambayi kaina su wane ne masu kallonta ba, a wane gari suke, kuma me suka zo kallo. Wanda ya zo kallon rawa ba lalle ya tashi da kwalbar mai ba. Daga baya ma na ji ana sayen mabiya da kuɗi kamar yadda ake hayar 'yan rakiyar amarya, to ke da kike ƙirga kawuna, kina iya ƙirga kan da babu ciki.

Goggona, ƙanwar Babanmu, ta fi shekara talatin tana dillanci a garin nan. Gida-gida take shiga da ƙullin kaya, ta san wadda za ta aurar da ɗiya bayan salla, ta san wadda kishiya ta yi sabon gado ita ma tana so, ta san mai biya da mai cin bashi. Da ta ji abin da na yi, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke ɗiyar ga! Kin ba dillaliya la'ada tun ba ta saida ba? Mu a zamaninmu sai kaya sun tahi ake ba mu namu." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Ana cikin haka sai ga watan Satumba na 2021. Saboda matsalar 'yan bindiga gwamnati ta sa aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa mata daga Sakkwato da Nijar har da kudu, inda Yayata ke sayar mini da jarka biyu duk mako, ta tsaya cik. Wayar da nake taƙama da ita ta zama fitilar shiga ɗaki. Abin da ya fi ciniki ciwo, ban san halin da Innarmu take ciki a Zurmi ba, sai in an samu mai zuwa a ba shi saƙon baka. Goggo ta shigo ta gan ni ina juya wayar, ta ce, "Ina dillaliyar taki ta madubi? Barci takai?" Ta sa aka ɗaura mata kwalabe shida a zane, kafin azahar ta dawo da kuɗi a bakin gyale, ta zare la'adarta a gabana ba kunya.

A watannin nan na gane wani abu mai ɗaci. Yawancin masu sayena na waya ba su san gidana ba, ba su ma san sunan da za su tambaya ba, lamba kawai suka sani, da lamba ta mutu ni ma na mutu a wajensu. Da aka buɗe layin Gusau a watan Oktoba, maigida yakan tafi da wayata can ya kwaso saƙonni ya dawo, mu kuwa sai can ƙarshen shekara abin ya fara dawowa. Kafin nan na riga na sa an buga mini 'yar takarda mai manne, da sunan sana'ata da unguwarmu da kwatancen masallacin da ke kusa da mu, kowace kwalba da ita take fita. Murfin kwalbar ma launi ɗaya na tsayar, ja, har yara na cewa a ba su mai jan murfi.

Batun masu talla kuwa ban daina ba, salo na sake. Akwai mai kitso da lalle a bayan layinmu, duk amaryar da za a kai a yankin nan sai ta zauna gabanta, kuma iyayen amare duk suna kallon status ɗinta don ganin sabon zane. Ba ta da mabiya dubu-dubu, amma waɗanda take da su suna iya aiko yaro gidana da ƙafa. Muka yi da ita irin ta Goggo: duk wadda ta zo ta ce daga wajen mai lalle take, in rubuta a littafi, ƙarshen wata in ba ta nata. Haka na yi da wata ɗaliba a ɗakin kwanan 'yan mata. Sharaɗina da su biyu ne. Su ci kayan tukuna, in bai yi musu ba su gaya mini ni kaɗai. Sannan kada su ƙara gishiri, kada a ce man nan yana maganin ciwon kaza, don na ga masu tallar kayan mata na yin haka a waya, kuma in asiri ya tonu sunan mai kaya ne ke ɓaci, mai talla ta riga ta koma kan wata hajar. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 littafin nan ya yi mini rana, don kowa turawa yake yi, ni kuma ba na sakin kwalba sai na ga kuɗi sun shiga da idona.

Yanzu 'yar farin tawa tana sakandare, ita ke riƙe mini wayar ranar Asabar in ina suya. Rannan tana ɗauka Goggo ta shigo ba ta sani ba, ta ɗauki ƙuli ta kai baki, ta ce da ƙarfi, "Wanga kam ko ni da ba ni da haƙora ina iya mai!" Muryar ta shiga bidiyon, muka ɗora haka nan. Ba a taɓa aiko mana yara kamar ranar ba, har tunkuza ta ƙare. Da labari ya kai mata washegari, sai ga ta tun da sassafe da sandarta, ta zauna bakin murhu ta miƙo hannu, wai a lissafa mata la'adar muryarta, kuma ba ta karɓar turawa, a hannu take so.