Daga teburin dala 25 zuwa na dala 100

A shekarar 2010 ina karatu a Leeds ta ƙasar Ingila, muna haya gida ɗaya da wani saurayi ɗan Poland mai karanta lissafi. Da rana ɗalibi ne, da dare kuma poka yake bugawa a intanet, kartar nan da ake zuba kuɗi a kanta. Ni ba na taɓawa, tun farko na gaya masa caca haramun ce a addinina, bai kuma taɓa tayi na ba. Amma a kicin yake kafa kwamfutarsa saboda ya fi ɗumi, don haka ina dafa taliya ina ganin abin da ake ciki.

Irinsa sun yi yawa a lokacin. Tun da Chris Moneymaker, wani akanta daga Tennessee, ya samu gurbi ta intanet ya je Las Vegas ya lashe dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya ta 2003, samarin Turai da Amurka suka ɗauka kowa ma zai iya. A Ingila kuwa doka ta yarda, ko haraji ba a karɓa a kan abin da mutum ya ci.

Maƙwabcina ya fara ne a teburin dala 25, wato mai kuɗin shiga dala 25, mutum shida a tebur, zubin dole santi 10 da santi 25. A nan yana ci sosai, domin yawancin abokan karawarsa masu neman nishaɗi ne da ba su san lokacin ajiye kati ba. Ya hau na dala 50, ya ɗan taɓa ci. Da ya hau na dala 100 sai jari ya fara zurarewa.

Da farko rashin sa'a ya ɗora wa laifi. Yakan kira ni: "Abokina, zo ka ga zalunci!" Wai yana riƙe da As biyu, mai sarki biyu ya doke shi. Shi da bakinsa ya koya mini cewa As biyu na cin sarki biyu kusan sau huɗu ne cikin biyar, wato dole wata rana ta biyar ɗin ta zo. Na tuna masa, ya harare ni.

Abin da ya buɗe masa ido manhajar PokerTracker ce, mai adana duk hannun da aka buga. Wani dare ya rufe tebura ya zauna yana tace dubban hannuwa bisa kujerar da yake zaune. Sai ga shi ƙarara: a kujeru biyu na zubin dole asarar ta taru. Kowa na asara a nan, amma tasa ta wuce kima, saboda yana jin kuɗin da ya riga ya zuba nasa ne, sai ya bi su da katin banza, alhali shi zai riƙa fara magana a sauran zagayen, abokin karawa na kallon motsinsa. Rauni na biyu ya fi ban haushi. Duk sanda ya ƙara kuɗi wani ya ƙara a kansa, sai ya ajiye kati. A ƙaramin tebur ba wanda ya lura. A na dala 100 ƙwararru suna da irin manhajarsa, alƙalumansa na rubuce kusa da sunansa a allonsu, suna ta yi masa burga da hannu wofi yana gudu. Ashe ba sabon rauni ba ne, an dai samu masu karanta shi.

Gyaran ya yi shi kamar ɗan tireda mai bin littafin bashi. Ya rage teburan da yake buɗewa lokaci guda. Ya liƙa takarda a jikin firji: in ya rasa kuɗin shiga uku a zama ɗaya ya tashi, in jari ya gaza kuɗin shiga talatin ya sauka tebur na ƙasa. Ya kuwa sauka, kuma na ga saukar ta fi yi masa ciwo fiye da kuɗin.

Akwai raunin da manhaja ba ta nuna masa ba, ni ne na san shi. In na tashi sallar asuba na ji yana danna linzamin kwamfuta da ƙarfi, na san an doke shi da hannun da bai kamata ba, ya manta da takardar firji yana neman ramuwa. Abin da ya tara da lissafi cikin mako yakan zubar da shi da zuciya kafin gari ya waye.

Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin intanet na manyan shafukan poka, Amurkawa suka ɓace daga tebura. A cewar maƙwabcina da su aka tafi da masu sauƙin ci, aka bar ƙwararru suna ta juya kuɗi a tsakaninsu, masu shafi na yankar la'adarsu. Lokacin da na kammala na dawo gida, yana nan a teburin dala 50, kundin digirinsa kuma bai miƙa ba.