KAMA DA WANE BA TA WANE

Duk wanda ya san layinmu a Ƙofar Marusa ya san motar gidanmu, watau wata tsohuwar Opel Zafira ruwan toka mai kujeru bakwai, wadda Baba ya saya 'yar Kwatano tun ina firamare. Ƙirar farko ce, irin wadda aka yi tsakanin 1999 da 2005. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗauko gero daga gona, in kuwa mata za su biki, kujerun nan bakwai sai su ɗauki mutum goma sha ɗaya, ban da goyo.

A hutun damina na 2023, saura kwana uku a kai yayata ɗakin mijinta a Kankiya, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, rim ɗin baya na dama ya lanƙwashe. Mai faci ya bubbuga da guduma, ya ce iska ba za ta zauna ba. Baba bai yi faɗa ba, ya ba ni kuɗi, ya ce in biya ta garejin Kawu in ji irin wanda zan saya. Ban biya ba. Tun da na shiga jami'a karatun Hausa Kawu ke yi mini ba'a, wai na tafi koyon abin da na sha a nono, sai na ga in na je masa da wannan ɓarna na shiga uku.

Na zarce wurin masu sayar da kayan mota na gwanjo. Na ƙirga ramukan noti na wani rim, biyar, namu ma biyar. Inci 15, namu ma haka. Mai kaya ya ce na Mercedes ne, watau Marsandi, ai ƙarfen Jamus duk ɗaya ne. Da aka zo ɗaurawa noti biyu suka shiga salin alin, na uku ya yi gardama, na huɗu da na biyar kuwa sai da yaron mai faci ya hau kan sifana da ƙafa. Ni kuwa ina gefe ina murna, wai an ɗaure tamau.

Ran kai amarya ni ke tuƙi. Amarya na baya tana kuka, ga Inna, ga gwaggonninmu biyu, ga ƙawaye. Mun wuce Charanchi kaɗan na fara jin wani ƙwas-ƙwas, bayan motar yana rausaya kamar an ɗora tulu a kan jaki. Na ce a raina hanya ce. Allah ya sa Kawu na biye da mu a a-kori-kurar da ta ɗauko kayan ɗaki. Ya yi ta danna oda, har ya sha gabana ya sa na tsaya. Bai ce mini uffan ba, ya tsuguna, ya sa yatsu biyu ya kwance noti ɗaya, ya kwance na biyu. Na uku babu shi, ya karye, gindinsa na ciki. Watau noti biyu ke riƙe da rayukan nan duka.

Bayan an watse daga biki ya kira ni gareji, ya ajiye rim ɗin biyu a ƙasa, ya ce, "To, Malam mai digiri, zo ka karanta." Abin da ya koya mini ke nan nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai, don da yawa cikinmu mu ake aika sayen irin wannan kaya.

Ramukan noti a kan da'ira suke zaune, faɗin da'irar nan kuwa kowace mota da nata. Na Zafirarmu milimita 110 ne, na Marsandi 112. Volkswagen Sharan, wadda ake kira Sharon a tasha, ita ma 112, Toyota Sienna kuwa 114.3, alhali duk ramuka biyar-biyar gare su. Milimita biyu, mai karatu, ba ta kai ƙwayar dawa ba, ido ba ya ganin ta. Amma kowane noti zai shiga a karkace, gefe guda ya danne, gefe guda yana lilo, sa'an nan nauyin mota ya riƙa lanƙwasa shi duk juyin taya har ya gaji ya karye. Tun da ramuka biyar ba su fuskantar juna, Kawu yakan auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi: in 110 ne za a sami wajen milimita 64.7, in 112 ne wajen 65.8.

Ba a nan ta tsaya ba. Babban ramin tsakiya, wanda ke zama a kan wuyan ƙafar mota, na Zafira 65.1 ne, na Marsandi 66.6, saboda haka rim ɗin ya shiga amma bai kama ba. Da na Sharon na saya da na huta, don nasa 57.1 ne, ba zai ma shiga ba, da tilas in mayar. Abin da ya ƙi ka tun farko ya fi wanda ya karɓe ka da murmushi. Sa'an nan wuyan notin Opel tsini gare shi kamar mazurari, mazaunin noti a rim ɗin Marsandi kuwa kwarmi ne kamar ƙoƙo. Ga kuma wata lamba da ake bugawa a jikin rim bayan haruffan ET, wadda ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, in ta saɓa sai taya ta riƙa gogar jikin mota.

Kawu ya ce a zamanin da ya koyi aiki ba a wannan ruɗu. Peugeot 504 ce ta cika gari, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ramuka huɗu a kan milimita 140, ko makaho ya shafa ya san nata. Yanzu kuwa motocin gwanjo sun shigo daga ko'ina, an tara ƙafafunsu a rumfa ɗaya.

Na tambaye shi me kanikawa ke kiran wannan awo da Hausa. Ya ce su dai sukan ce rim ya zauna ko bai zauna ba, sauran kuma aikina ne, ai don haka aka kai ni jami'a. Na duba ƙamus na Bargery na 1934 ko zan sami abin da zan ara, na yi ta juya "tazara" da "zagaye" da "mazauni", har yau ban tsai da ɗaya ba.

Baba kuwa abin da Kawu ya gaya masa kawai shi ne rim bai zauna ba, an canza. Ni na ƙarasa masa sauran da bakina bayan sallar Isha'i. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce in ba ƙanena makulli har in koma makaranta. Rim ɗin Marsandi mai kaya ya ƙi karɓa, wai an ɓata masa ramuka. Yana nan tsakar gidanmu, Inna ta mai da shi murhun gawayi.