Tagar miƙa abinci

Wannan makon ni layi ya faɗo wa, kuma zan kai ku nesa da gida, jihar Louisiana a kudancin Amurka, wani gidan yari da ake kira Angola.

Sunan kansa labari ne. Kafin a mayar da wurin kurkuku, gandun bayi ne, kuma sunan ƙasar Angola ta Afirka ya ci. Faɗinsa eka 18,000, kogin Misisipi ya kewaye shi ta ɓangare uku. An soke bauta a 1865, amma sama da shekara ɗari bayan haka baƙaƙen fata ne dai ke duƙe a gonakin, masu gadi na kan dawakai da bindigogi.

Can aka kai Albert Woodfox da Herman Wallace, kowannensu bisa laifin fashi da makami. Ban ɓoye wannan ba, domin ba waliyyai na zo tallata muku ba. A tsare suka haɗu da aƙidar ƙungiyar Black Panther, a 1971 suka kafa reshenta a cikin Angola. Suka fara yaƙi da wariyar launin fata a gidan, da kuma wata mummunar al'ada ta yi wa sababbin fursunoni fyaɗe ana sayar da su tsakanin manya. Ranar da aka kawo sababbi sai su tare su, su gaya musu abin da ke jiransu, su ba su kariya.

Ranar 17 ga Afrilu 1972 aka caccaka wa wani mai gadi farar fata wuƙa har ya mutu. Sunansa Brent Miller, shekararsa 23. Aka ɗora wa Woodfox da Wallace. An samu shatin yatsa mai jini a wurin, bai dace da na ko ɗayansu ba. Babban mai shaida wani fursuna ne, daga baya ta fito fili cewa an yi masa alƙawarin taimaka masa ya samu afuwa, ana kuma ba shi sigari duk mako. Na ukunsu, Robert King, ba ya ma Angola ranar da aka yi kisan, amma da aka kawo shi sai aka wuce da shi ɗakin kaɗaici, daga baya aka ɗaure shi kan kisan wani fursuna. Su ne duniya ta sani da Mutum Uku na Angola.

Ɗakin ƙafa shida ne a ƙafa tara. Ku auna a tsakar gida ku gani, da kaɗan ya fi tabarma biyu. Gado, masai da wurin wanke hannu duk a ciki. Awa 23 kullum mutum na ciki. King ya yi shekara 29 a haka, Wallace 41, Woodfox kusan 44. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun haramta irin wannan tsarewa idan ta wuce kwana 15.

Sai dai alƙaluman nan, duk girmansu, ba sa zama a kaina. Na faɗi arba'in da huɗu, kun ce subhanallah, mun wuce. Abin da ya ƙi barina tun da na karanta Solitary, littafin da Woodfox ya fitar a 2019, shi ne maganar abinci.

A sashen nasu, ta ƙarƙashin ƙofa ake turo faranti, a ja shi a ƙasa, kan daɓen da kowa ke takawa. Mutum ya sunkuya ya ɗauka. Suka ce a yanka 'yar taga a jikin ƙarafan, daidai hannu, a riƙa miƙo musu. Aka ƙi. Suka shiga yajin cin abinci har kwana 45. Hukuma ta amsa za ta yanka, sai ta yi ta jan ƙafa. A tsawon wannan jira ba su koma ɗauka daga ƙasa ba. A tsaye suke ci, farantin na waje, hannu na kai da komo ta tsakanin ƙarafa, har ranar da aka zo aka yanka tagogin.

Na daɗe ina juya wannan. Mutumin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai, wanda ba ya ganin rana sai an ga dama, me ya kai shi sa ransa a kan tsayin da faranti zai shigo? Abincin bai ƙaru ba, bai yi daɗi ba, ɗakin bai faɗaɗa da ko taƙi ɗaya ba. Amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san bambancin a miƙo maka da a turo maka. Ko almajiri ne a ƙofa, ka zuba masa a kwano ka miƙa, ba ka shuro masa da ƙafa ba. Sau uku a rana ake gaya musu cewa su dabbobi ne, ba da baki ba, da faranti. Su kuma suka gane cewa in suka sunkuya sau uku a rana na shekara goma, wata rana za su yarda.

Sauran gwagwarmayarsu duk irin wannan ce. Woodfox ya kai ƙara kan tsiraita su da ake yi ana bincike duk fita duk shiga, ya yi nasara. Ya koya wa wani maƙwabcin ɗaki karatu, yakan kuma ce wannan na cikin abin da ya fi alfahari da shi a rayuwa. King kuwa alewa yake dafawa a gwangwani, da wutar takardar bayan gida, daga sukari da madara da gyaɗar pekan da yake samu.

A nan nake son mu dubi namu rubutun. A littattafanmu da yawa, kurkuku shafin ƙarshe ne. Alƙali ya buga guduma, mugu ya tafi gidan kaso, a ɗaura auren jaruma. In ma mun bi mutum ciki, sai mu ce "haka ya yi shekara bakwai yana kuka da nadama", layi ɗaya mun gama. Ni ina ganin tsoro ne ke sa mu haka, tsoron rubuta wurin da muke zaton ba abin da ke faruwa. Ga shi kuwa mutum ya cika littafi guda daga ɗakin da bai kai shagon mai caji ba.

Kada kuma a ɗauka kisan Miller kaɗai ya riƙe su a can. A 2008 shugaban gidan yarin, Burl Cain, ya faɗa a ƙarƙashin rantsuwa cewa ko da Woodfox bai yi kisan ba, zai ci gaba da keɓe shi saboda aƙidarsa ta Black Panther, don kada ya tara matasan fursunoni a bayansa. Matar Miller ma, wadda aka bari da takaba tana ƙaramar yarinya, ta fito daga baya ta ce ba ta yarda su suka kashe mijinta ba.

King ya fita a 2001. Woodfox sau uku kotu na soke hukuncinsa, na ƙarshe saboda wariyar launin fata wajen zaɓen shugaban ayarin da ya tuhume shi, jiha na sake maido da shari'a. Mahaifiyarsa ta rasu yana ciki, aka hana shi zuwa jana'iza. Ya fita ranar 19 ga Fabrairu 2016, ranar da ya cika 69, bayan ya yarda ba zai yi jayayya da ƙaramar tuhuma ba, ba tare da ya amsa kisan ba. Ya rasu a Agustan 2022.

Wallace kuwa, wata mai zane, Jackie Sumell, ta taɓa tambayarsa a wasiƙa irin gidan da yake mafarki. Suka yi shekaru suna zana shi tare: lambun furanni a gaba, tafkin wanka mai hoton baƙar damisa a ƙasansa. Ranar 1 ga Oktoba 2013 alƙali ya soke hukuncinsa saboda an ware mata daga ayarin da ya tuhume shi. A motar asibiti aka fito da shi, sankarar hanta ta riga ta cinye shi. Kwana uku ya yi a waje.