Akwatin da Baba ya kira talabijin marar hoto

Ranar da na shigo gida da ita daga kasuwar Alaba, Baba ya dube ni ya ce, "Kuɗin goron da na ba ka ka juya, shi ne ka sayo talabijin marar hoto?" Ban ce komai ba, don ni ma a lokacin zuciyata ba ta kwanta ba.

Osiloskop ce, tsohuwar Hitachi ta gwanjo, mai nauyi kamar ƙullin gishiri. Aikinta ɗaya ne, ta zana maka wutar lantarki a gilashi da koren layi, ka ga hawanta da saukarta da idonka. Iyakarta megahaz 20, wato masu gyaran waya na Ikeja ba za su karɓe ta ko kyauta ba, abin da ke gudu cikin wayar hannu ya fi ƙarfinta nesa. Amma ni ina ruwana? Wutar Nepa haz 50 ce, kunnen mutum kuma ba ya wuce dubu 20. A nan tsohuwar sarauniya ce.

Abin da ya wanke ni shi ne inbatar shagonmu na Agege. An sayar wa Baba ita a kan cewa wutarta sumul take kamar ta Nepa, amma fanka sai gurnani take tana zafi. Na bi da wutar ta ƙaramar tiransifoma mai bolt 12, don kada wanda ya yi gigin maƙala wayar ƙasa ta na'urar kai tsaye a soket, tartsatsi zai sha. Na sa kowane gida na gilashin ya zama milisakan 5. Da Nepa, layin ya yi tudu da kwari a hankali, zagaye ɗaya gida huɗu. Da aka juya inbata, sai ga matakala mai kusurwa, kamar benen da ba a gama ba.

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Washegari ya sa na ɗauki akwatin a ka, muka je wurin mai inbatar. Sai da aka yi cacar baki da Yarabanci da Turanci, amma ya canza mana.

Har yau Baba bai ce na bar goro ba. Sai dai makon jiya da lasifikar masallacinmu ta fara shaƙewa, na ji shi yana ce wa Liman, "Bari yaron nan ya kawo talabijin ɗinsa."