Kakar da Babu Sunanta a Salsala

Sanin kowa ne cewa idan Bahaushe ya tashi jera salsalarsa, maza yake ƙirgawa: wane ɗan wane, jikan wane, har ya dangana da wani malami ko maharbi da ya sari daji ya kafa gari. Mata kuwa, waɗanda suka yi goyo da raino, ba a cika jin ɗuriyarsu ba, sai ka ce daga sama mazan suka faɗo. Haka muka tashi muka tarar a gidanmu na Kafanchan. Akwai wata takarda ta ajami mai ɗauke da sunayen maza bakwai, wadda mahaifinmu ke ajiye da ita a shagonsa na kasuwa, ta kuwa ƙone tare da shagon a rikicin da ya biyo bayan zaɓen watan Afrilu na 2011.

Sai a shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da mu a gida har wata takwas, muka haɗu mu jikokin gidan, muka ƙudura sake rubuta ta. Ɓangaren maza bai ba mu wahala ba, domin tarihinsu ya bi na masarauta sau da ƙafa. An kafa Jama'a a wajejen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927. A 1933 kuma aka taso da fadar Sarki daga tsohon gari zuwa kusa da tasha, kakanninmu suka biyo da iyalansu da allunansu. Cikin mako biyu mun gama wannan.

Inda aikin ya canja kama shi ne ɗakin Goggo, ƙanwar kakanmu, wadda a lokacin ta haura shekara tamanin. Mun je ne ta tabbatar mana da jerin sunaye, sai ta dube mu ta ce, "To, 'yan nan, kun rubuta mazan. Ina wadda ta haifi ubanmu?" Daga nan ta shiga ba mu labarin kakarta, wata doguwar tsohuwa da ta yi rainonta, wadda har ta koma ga Mahaliccinta harshenta bai gama kwanciya da Hausa ba. Ba 'yar gari ba ce. An kamo ta ne tana yarinya a gindin duwatsu, ran da ta je rafi ɗibar ruwa, aka raɗa mata suna irin wanda ake raɗa wa bayi, daga bisani maigidan ya sa ta a ɗaka. Goggo ta ce da dare, idan tsohuwar tana lallashinta, takan kama yatsunta tana ƙirga su da wani harshe. Ta ƙirga mana, ɗaya zuwa goma, ba tuntuɓe, abin da ta yi shekara saba'in da ɗoriya ba ta furta wa kowa ba. Muka naɗi muryarta a waya.

Wannan labari bai saɓa wa abin da ke rubuce ba. Jama'a takan kai wa Zazzau gaisuwa kowace shekara, bayi na cikin abin da ake kaiwa, kuma daga ƙabilun da ke kewaye ake samo su. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya san yadda hari da rinji suka kasance a ƙasar Zazzau. Dokar Lugga ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Mun leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, muka tarar Turawan mulki sun ƙirga gidaje da kuɗin haraji dalla-dalla, yarinyar da aka sace a rafi kuwa ba ta cikin lissafinsu. Ɗaya daga cikinsu ma, Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, sunan da ya sa wa littafinsa na 1912 kaɗai ya isa shaida cewa kallon dodanni yake yi wa mutanen duwatsu.

Gano labari daban, faɗa wa dangi daban. Washegarin Babbar Salla, da zuri'a ta hallara a tsakar gida, muka karanta abin da muka tattara. Ana ta murmushi da kabbara a kan sunayen malamai, amma da muka iso kan tsohuwar sai wuri ya yi tsit. Baffanmu, wanda shi ne babba a maza, ya gyara zama ya ce, "Ku yara, yawan tone-tone, kaza kan tono wuƙar yanka ta. Muna da 'yan mata a gidan nan da ba su yi aure ba." Ba mu ga laifinsa ba, don har gobe akwai gidajen da ke binciken asali kafin su karɓi kayan gaisuwa, kuma kalmar bacucane ba ta daina ciwo ba. Wasu samarin kuma murna suka yi ta wata fuska: ai ga hujja nan cewa mu ma 'yan ƙasa ne, kada wani ya ƙara kiranmu baƙi in mun je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. A garin da ya ga 1987 da 1999 da 2011, wannan magana ba ƙarama ba ce. Sai dai a ganinmu, mai son ɓoye ta da mai son mayar da ita takardar shaida duk kansu suke dubawa, babu mai duban yarinyar.

Goggo ce ta raba gardama. Ta ce da Baffa, "Kai ɗan nan, nononta ubana ya sha. In abin kunya ce, to a jininka take." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Goggo."

Ranar 1 ga Janairu 2023, ranar bikin Afan, wani abokin karatunmu ya kai mu Kagoro wurin kakansa. Muka kunna masa muryar Goggo. Tun ba ta kai biyar ba dattijon ya karɓe, suka ƙarasa tare, shi da waya. Ya bayyana mana cewa wannan ƙirga ba ta isa ta nuna ƙauye ba, domin harshen Kagoro da na Kataf da Marwa da Fantsuwam 'yan ɗaki ɗaya ne. Ya ce su ma a nan tsofaffin gidaje suna riƙe da labarin wani ko wata da ya fita bai dawo ba, ana faɗa wa yara don kada sunan ya ɓace. Wato yayin da mu muke da mutum babu suna, su suna ne da su babu mutum. Da za mu tafi ya sa aka ɗebo mana citta da acca, ya ce mu kai wa 'yar'uwarsa, yana nufin Goggo.

Sabuwar salsalar da muka buga shafi biyu ce, maza a dama, mata a hagu. A gurbin tsohuwar mun rubuta sunan da aka raɗa mata, muka bar fili a gabansa, a ƙasa kuma muka jera kalmomin nan goma yadda Goggo ta furta su. Mun raba wa kowane gida kwafi ɗaya. Bayan kwana uku Baffa ya aiko ƙaramin ɗansa, wai a ƙara masa ɗaya zai aika wa 'yarsa da ke aure a Zariya.