Katunan da aka raina, suka ci gasa a 1996

Idan aka ambaci karta a wajenmu, abin da ke fara zuwa ran uba ko malami shi ne caca, da samari zaune gindin bishiya sun bar abin yi. Ba zan yi gardama da wannan ba, don kowa ya ga irinsa. Amma ni malamin lissafi ne, kuma akwai wani wasan kati na ƙasar Amurka da tarihin farkonsa ya daɗe yana yi mini amfani a aji, har ya shafi yadda nake auna yara. Sunansa Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi, Richard Garfield, ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar da shi a 1993.

Bambancinsa da kartar da muka sani shi ne, ba a raba wa ƴan wasa kati daga tuli guda. Kowa yana zuwa da ɗaurinsa, wanda ya zauna ya zaɓa da kansa daga cikin ɗaruruwan katuna. A gasa, ɗauri ba ya kasa kati 60, kuma ban da katunan fili na yau da kullum, ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4. Kowa yana farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu. Duk zagaye kana iya ajiye katin fili guda, shi ke ba ka ƙarfin da za ka biya ka fito da mayaƙa ko wata dabara. Wanda ransa ya ƙare ya faɗi. Ke nan rabin wasan ana yin sa ne tun a gida, wajen zaɓe. Shekarar 1996 ta ba da misalai uku na zaɓen da masana suka raina, kuma su ne nake komawa kansu.

Na farko ya faru a Niyok cikin watan Fabrairu, a gasar ƙwararru ta farko da aka kira Pro Tour. Michael Loconto ya zo da ɗauri mai sanyin tafiya, wanda kusan duk aikinsa kare kai ne. Makaminsa wani kati ne mai suna Millstone, wato dutsen niƙa, wanda ba ya rage wa kowa rai ko maki ɗaya. Abin da yake yi kawai shi ne zubar da kati biyu daga saman ɗaurin abokin karawa. Sai dai a dokar wasan, wanda lokacin jan katinsa ya zo ya tarar babu saura, shi ma ya faɗi. Mutane sun san dokar, amma yawancinsu hankalinsu yana kan makin rai. Loconto ya bi ta ƙofar da ba a tsare ba, ya doke Bafaranshe Bertrand Lestrée a wasan ƙarshe.

Na biyu shi ne wanda na fi so. A wata gasar neman gurbi a Atlanta, Paul Sligh ya yi wasa da ɗaurin da Jay Schneider ya tsara. Duk wanda ya karanta jerin katunan sai ya yi dariya. Akwai Ironclaw Orcs, mayaƙin da ba ya iya tare wani mai ɗan ƙarfi. Akwai Orcish Artillery, wanda in ya yi wa abokin gaba rauni 2, sai ya yi wa mai shi rauni 3. Har da Goblins of the Flarg, wanda ke mutuwa da zarar mai shi ya fito da wani daga jinsin wadanni, alhali ɗaurin yana da wadanni a ciki. Duk da haka Sligh ya kai wasan ƙarshe ya samu gurbi, kuma har yau ana kiran irin wannan ɗauri da sunansa.

Sirrin lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi. A zagaye na farko kana da ƙarfi 1, na biyu 2, na uku 3, na huɗu 4. Jimilla 10. Wanda ya cika ɗaurinsa da manyan katuna masu cin 4 ko 5 zai zauna zagaye uku yana kallo, ya yi asarar 6 cikin 10, domin ƙarfin da ba a yi amfani da shi ba a zagayensa ba ya kwana. Schneider ya jera katunansa yadda kowane zagaye akwai abin fitarwa daidai da ƙarfin da ke hannu: masu cin 1 da yawa, masu cin 2 ƙasa da haka, har zuwa sama. Kafin mai manyan katuna ya tashi, an ci rabin ransa. Wannan tsari ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan haɗa ɗauri, har a wasu wasannin katin da suka biyo baya.

Na uku ya zo a gasar duniya ta watan Agusta a Seattle. A wannan bazarar kati ɗaya ne ya addabi kowa, Necropotence, baƙin kati da ke ba ka damar sayar da makin ranka ɗaya ka karɓi kati ɗaya. Abin mamaki, shi ma da farko an raina shi, don mutane suna ganin wauta ce mutum ya rage ransa da hannunsa. Da aka gane cewa mai kati da yawa a hannu shi ke da wasa, sai manyan ƴan wasa suka ruɗe a kansa. Tom Chanpheng, ɗan Ostareliya, ya zo da ƙananan fararen mayaƙa masu arha, 12 daga cikinsu baƙin kati ba ya iya taɓa su: White Knight, Order of Leitbur da Order of the White Shield, huɗu-huɗu. Ya ma yi kuskure wajen rubuta jerin katunansa, aka tilasta masa wasa ba tare da filin da ke ba shi ƙarfin shuɗi ba, har wani katinsa ya zama kaya kawai. Haka nan ya doke Mark Justice, mai riƙe da Necropotence, ya zama zakaran duniya.

Wannan labari na uku shi nake kai wa ɗalibai in mun zo darasin yiwuwar abu. In kati iri ɗaya 4 ne cikin 60, damar ka samu ko guda a cikin 7 na farko kusan kashi 40 cikin 100 ce. In ka tara 12 masu aiki iri ɗaya, kamar yadda Chanpheng ya yi, damar ta haura kashi 80. Ba na buƙatar katunan kamfanin don wannan. Muna yanka kwali guda 60, mu yi wa 12 alama, yara su yi ta gauraya suna ja suna rubuta sakamako a allo. Sai sun ga lambarsu ta kusanci wadda lissafi ya faɗa, sannan suke yarda cewa abin da suke kira sa'a yana da awo.

Amma abin da ya fi damuna ba darasin ba ne. Waɗanda suka yi wa ɗaurin Sligh dariya ba jahilai ba ne. Sun iya wasan, sun duba kowane kati shi kaɗai, kuma shi kaɗai ɗin da gaske ba shi da kyau. Abin da ma'auninsu bai iya gani ba shi ne aikin da katin zai yi a wurinsa da lokacinsa. Mu ma malamai ma'auninmu ke nan: maki bisa 20, yaro shi kaɗai gaban takarda. Uwaye kuma su karɓi sakamako su duba na nawa ya zo, a yanke hukunci. Yaro ba kati ba ne, kuma jarrabawa tana da amfaninta, ba na neman a soke ta. Sai dai na sha ganin yarinyar da rubutunta ke ja da baya, amma saboda talla tana lissafin canji a ka kafin na farko a aji ya ɗaga alƙalami. Na ga yaron da ba ya fara komi, amma in aka ba shi aikin wani ya duba, babu kuskuren da ke tsere masa. Shi ya sa in zan raba aji rukuni-rukuni, ba na tara masu manyan maki wuri ɗaya. Ina duba wa ke iya farawa, wa ke iya bayani, wa ke iya bita, in haɗa su.

Kada wani ya ɗauka ina tallar wasan ne. A dokarsa ta asali akwai caca ƙarara, domin kowa yana ajiye kati guda wanda ya ci ya kwashe, har daga baya aka daina, kuma gasa ba ta yarda da ita. Ana kuma sayar da katunan a rufe cikin leda, ba ka san abin da ka saya ba sai ka buɗe, abin da ke sa yaro ya yi ta komawa da kuɗi. Irin wannan dabara ta cika wasannin waya da ke hannun ƴaƴanmu yau, kuma uban da ya sa ido a kanta yana da gaskiya. Abin da na ɗauka daga 1996 bai buƙatar a sayi komi. In sakamakon yaro ya zo ba daɗi, kafin faɗa a tambayi malaminsa abin da yaron ya iya, da wurin da ake zaunar da shi, da irin aikin da aka taɓa gwada shi da shi. Malami kuma ya tanadi amsar tun kafin a tambaye shi.